Mai Lamba Sha Bakwai

Ni ƙanƙara nake saidawa a Sabon Gari,
leda dala goma,
in rana ta yi rana, sha biyar.
Na san nauyinta, na san kukanta cikin kula,
na san yadda take tsere wa hannun yaro
kafin ya kai ta gida.

Ran Laraba bayan la'asar
na kai wa Ma'azu mai gyaran tele tasa.
Ya karɓa bai dube ni ba.
Na bi idonsa.

Ashe akwai ƙasar da hajata ta zama tudu,
fari fat, har inda girgije ya tsuguna,
ba firiza, ba takardar kuɗin wuta,
mutane na taka ta da takalmi.
Na soma lissafi da dala-dala,
lissafi ya kwance mini.

Can ƙoli wani na zaune bisa sanda,
hular kwano, tabarau, sha bakwai a ƙirji,
ƙafafu ɗaure da alluna biyu
da suka fi ƙyauren ɗakina tsawo.
Na ce, yaron nan ba shi da uwa?
Ma'azu ya ce, mace ce, Hurera.
Dukansu mata ne, ƙasa-ƙasa suka zo gasa.

Ta gyara zama. Ta saki.
Ta duƙa kamar mai shara, hannuwa a baya,
gangare ya fizge ta,
ta kai baki,
ƙasa ta ƙare.

Ba ta faɗi ba.
Ta kwanta bisa iska kamar ta san shimfiɗar,
alluna a buɗe kamar almakashin tela,
haɓa gaba, tafin hannu yana lallashin sarari.
Na ɗauko salati, ban kai tsakiya ba

aka ɗauke wuta.

Tele ta yi baƙi, ta miƙo mana fuskokinmu:
ni, Ma'azu, da ɗan kabu-kabu da ya leƙo shan inuwa,
baki uku a buɗe.

Ina shekara tara, in Gulbi ya ƙafe,
ni da Tsahara mukan hau gaɓa
mu ɗaure zane a ƙugu, mu diro cikin rairayi.
Da sawu muke awo. Takan fi ni da biyu,
sau ɗaya na fi ta, ta ce iska ce.
Ba wanda ya hana mu.
Tulu ne ya yi ta ƙara girma,
wata rani ta zo ba mu je ba, shi ke nan.
Tsahara na Dakoro yanzu, gwiwa ta dame ta.

Daren nan wuta ba ta dawo ba.
Ina jin leda arba'in cikin firiza
suna komawa ruwan da na saya.
Da ya kamata in yi kukan jari.
Sai na kwanta a tsakar gida, ido sama,
ga ta nan ba ta sauka ba:
ta wuce babbar kasuwa,
ta wuce tireloli masu jiran hanyar Dan Isa,
ta gifta bisa mangwarorin fadama,
sanyi na zuba daga allunanta.

Da safe na koma wurin Ma'azu.
Ƙwallo ake yi.
Na ce, ta sha bakwai fa?
Ya ce, ai ta sauka mana, kowa na sauka.
Na ce, kai ka gani?
Ya ci gaba da hura ƙarfensa.

A hanyar gida akwai kwata gaban shagon Illa,
shekara shida ina kewaya ta.
Na tsaya. Na duba hagu, na duba dama.
Na ɗaga zane kaɗan, na rungume kula,
na ja baya taku uku.

Ruwan asara ya yi tsalle tare da ni,
ya jiƙa mini gaba.
Silifas ɗaya ya tsaya a wancan gefe,
yana kallona.